Musayar Gado a Cikin Tsirrai

Manomin rake a Maƙarfi ko Kudan gaɓa yake dasawa, raken kuma ya fito sak uwarsa. Amma manomin tumatir a Ikara, in ya ajiye 'ya'yan iri mai aure ya shuka baɗi, sai gonar ta fito dabam-dabam. Mene ne dalili?

A cikin ƙwayar halitta akwai zaruruwa masu ɗauke da gado, waɗanda ake kira kuromosom. Tumatir yana da 24, wato 12 daga uwa, 12 daga uba. Sa'ad da fure zai yi bununi da ƙwai, kowane zare yakan nemi takwaransa su jeru, su sarƙe, su tsinke a wuri guda, sa'an nan su musanya guntaye. Daga nan ƙwayar ta rabu sau biyu, ta zama huɗu, kowace da zare 12 na gauraye. Wannan shi ne mayosis. Creighton da McClintock suka tabbatar da musayar a jikin masara a Amurka cikin 1931.

Gaɓar rake ba ta bin wannan hanya, don haka gadonta ba ya sauyawa. Iri mai aure kuwa, sai dai a sayi sabo kowace shekara.