Ɗigo da Layi: Yadda Ɗalibi Kan Yini da Matsalar da Ba a San Amsarta Ba

A birnin Duluth, wanda ke bakin babban tafkin Superior a jihar Minisota ta Amurka, akwai wani shiri da Farfesa Joseph Gallian ya kafa a shekarar 1977. Duk lokacin dogon hutu akan tara ɗalibai 'yan kaɗan waɗanda ba su kammala digirin farko ba, su yi kamar mako goma tare, a danƙa wa kowannensu matsalar lissafi tasa ta kansa. Bambancin wannan matsala da tambayar jarrabawa shi ne babu wanda ya san amsarta, har shi malamin da ya ba da ita. Manjul Bhargava, wanda ya sami lambar girma ta Fields a 2014, ya taɓa zama ɗalibi a wannan shiri.

Da yawa daga cikin matsalolin sukan fito ne daga wani reshen lissafi da ake iya kira nazarin ɗigo da layi. Asalinsa na komawa ga Leonhard Euler, wanda a 1736 ya nuna cewa ba zai yiwu mutum ya ratsa gadoji bakwai na birnin Königsberg ba tare da ya maimaita ko ya tsallake wata ba. Kayan aikin fannin ba su da yawa: ɗigogi, da layukan da ke haɗa su. Ɗigo na iya zama gari, layi ya zama hanya. Dalilin da ya sa fannin ya dace da sabon shiga ke nan, domin ana iya fahimtar tambayar cikin minti biyar, ko da warware ta za ta ci shekara hamsin.

Alal misali, a ce an ba wata ɗaliba aiki a kan raɗa wa ɗigogi lamba. Ƙa'idar wasan ita ce: idan zane yana da layi uku, sai a zaɓi lambobi daga 0 zuwa 3 a ba ɗigogin, kowane da tasa. Kowane layi kuma ya ɗauki bambancin da ke tsakanin lambobin bakinsa biyu. Abin da ake nema shi ne layukan su fito da 1, 2, 3, ba tare da maimaici ba. Mai karatu na iya gwadawa da ɗigo huɗu a jere, ya rubuta musu 0, 3, 1, 2. Bambancin zai fito 3, 2, 1. An dace. Alexander Rosa ne ya fito da wannan tsari a 1967, kuma tun daga waɗannan shekaru ake hasashen cewa kowace "bishiya", wato zanen da yake haɗe gaba ɗaya amma babu zagaye a cikinsa, tana karɓar irin wannan lamba. Har yau ba a tabbatar da hasashen ba, ba a kuma rushe shi ba.

Ba a sa ran ɗalibar ta warware babban hasashen. Akan yanko mata wani ɓangare ne, kamar wani dangin bishiyoyi masu siffa iri ɗaya. Safiyarta takan tafi wajen karanta abin da na gaba suka rubuta, kuma shafi guda na iya cin ta awa uku, don kuwa marubucin kan ce "a fili yake" a inda ita ba ta ga komai a fili ba. Daga nan sai zane. Ta zana bishiya mai ɗigo bakwai, ta sa lambobi, ta goge, ta sake. Kwandon shara kan cika kafin azahar. Yawancin kwanaki haka suke ƙarewa, babu abin nunawa sai tulin takardu, kuma wannan shi ne abin da ya fi ba sababbin ɗalibai wuya. Wanda ya saba zuwa na ɗaya a aji, ya saba a ce masa ya ci ko ya faɗi nan take, ba ƙaramin jarrabawa ba ce gare shi ya yi mako biyu bai san ko gaba yake yi ko baya ba.

Sai dai gazawar ita kanta takan koyar da wani abu, idan an tambaye ta dalili. A ɗauki zagaye mai layi biyar. Duk yadda aka juya lambobi 0 zuwa 5, abin ba ya fita. Mai gaggawa zai ce bai dace da jerin ba ne tukuna, ya ci gaba da gwaji har dare. Mai natsuwa kuwa zai lura cewa wanda ya kewaya zagaye ya dawo inda ya tashi, duk hawan da ya yi a lamba daidai yake da saukar da ya yi. Saboda haka jimlar bambance-bambancen dole ta rabu biyu daidai. To, 1 da 2 da 3 da 4 da 5 sun tashi 15, wadda ba ta rabuwa biyu. Magana ta ƙare: ba zai taɓa yiwuwa ba. Wannan 'yar hujja mai layi uku ta fi gwaji dubu daraja, kuma irinta ce ɗalibar ke farauta.

Da yamma takan koma ga kwamfuta, ta rubuta mata umarnin gwada bishiyoyi ɗaya bayan ɗaya. Na'urar na da amfani ƙwarai wajen kashe zato maras tushe, amma tana da iyaka. Bishiyoyi masu ɗigo 10 iri 106 ne kacal. Masu ɗigo 20 kuwa sun kai 823,065. Zuwa shekarar 2010 an riga an bincika duk bishiyoyi har masu ɗigo 35 da kwamfuta, aka tarar babu wadda ta saɓa wa hasashen. Duk da haka masana ba su ce an tabbatar da shi ba, domin bishiyoyi ba su da adadi, kuma babu abin da ya hana wadda za ta ƙi ta ɓuya can gaba.

Sau ɗaya a mako kowane ɗalibi kan tsaya gaban allo ya bayyana inda ya kai, a gaban 'yan uwansa da tsofaffin ɗaliban shirin da kan kawo ziyara. Nan ne hujjar da aka kwana ana murna da ita kan rushe da tambaya ɗaya: "Idan reshen nan ya fi wancan tsawo fa?" Wannan tsanani yana da dalili a tarihin fannin. A 1879 Alfred Kempe ya wallafa hujjar cewa launi huɗu sun isa a shafa wa kowace taswira ba tare da maƙwabta biyu sun yi launi ɗaya ba. Masana suka karɓa. Sai bayan shekara 11, a 1890, Percy Heawood ya gano ɓaraka a cikinta, kuma ba a cike gurbin ba sai 1976, lokacin da Kenneth Appel da Wolfgang Haken suka yi aikin da taimakon kwamfuta.

Idan hujjar ɗalibar ta tsira daga allo, sauran aiki shi ne rubutawa, wanda kan ɗauki makonnin ƙarshe. Za ta fayyace ma'anar kowace kalma, ta jera matakan yadda baƙo zai bi su ba tare da ita ba, sa'annan ta duba ko wani ya riga ta. Gallian yana da wani kundi da ya tattara sakamakon bincike kan raɗa wa ɗigogi lamba, wanda aka yi ta sabunta shi shekara da shekaru, ya ƙunshi maƙalu dubbai. Idan ba ta tarar da sakamakonta a ciki ba, sai ta aika da maƙalar ga mujallar masana, inda wani mai tantancewa da ba ta san sunansa ba zai bi ta layi-layi. Amsarsa kan ɗauki watanni, sau da yawa takan iso bayan ɗalibar ta koma aji.