Hazo, hayaƙi da majinar da ke toshe ƙirjin masu asma a Damagaram

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, idan hazo ya rufe Damagaram har duwatsun Birni suka dusashe wa ido, masu asma ne ke fara sanin lokaci ya juya. Tari ya tsananta da dare, ƙirji ya riƙa kuka, majina mai yauƙi ta maƙale, a yi ta kaki ba ta fita.

Hanyoyin iskar mai asma kusan kullum a kumbure suke, ko da yana jin garau. Kumburin ne ke sa ƙwayoyin da ke yin majina a bangon hanyoyin su yawaita, majinar ta yi kauri, 'yan gashin da ke share ta zuwa maƙogwaro kuma su gaza. Da wani abu ya sosa huhu, sai hanya ta tsuke, majina ta cike ɗan wurin da ya rage.

Ƙurar hunturu ce aka fi ɗora wa laifi, kuma tana da nata. Mai yawa daga cikinta iskar arewa maso gabas ke kwaso ta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ba kuwa mai ikon tare ta. Amma ni na fi jin tsoron abin da ke cikin gida. Sanyi ke sa a rufe taga da ƙofa, a shigo da kaskon gawayi, uwargida ta zuba turaren wuta, yaro mai asma yana kwance a kan tabarma yana shaƙa har asuba. A tsakar gida ga murhun itace, a waje ga hayaƙin kabu-kabu da na leda da ake ƙonawa a juji. Tun 2011 matatar mai ta SORAZ da ke arewa da Damagaram ke fitar da gas ɗin girki, amma har yau gidaje da dama da itace suke tuwo, saboda kuɗin tukunya da murhunta.

Inda abin ya fi ciwo shi ne magani. Tun da majina ake gani, ita ake yaƙa: a sayi ruwan maganin tari ko kafso a hannun mai talla, a sha, a sake saye. Wanda ya samu abin shaƙa na salbutamol yakan ji sauƙi cikin mintoci, sai ya ɗauka ya warke, alhali buɗe hanya kawai ya yi, kumburi na nan daram. Shi ya sa tun 2019 ƙungiyar GINA, mai tsara ƙa'idojin jinyar asma a duniya, ta daina ba da shawarar dogaro da irinsa kaɗai, ta ce a haɗa da maganin shaƙa mai kwantar da kumburi, kamar budesonide.

Sakamakon ba ƙarami ba ne. Yaro ya kwana tari, gari ya waye ba makaranta. Wata a yi mata kallon mai tarin fuka, a fara gudun ƙoƙon shanta. Mafi muni, majinar kan daskare ta toshe ƙananan hanyoyin huhu, abin da ake yawan tararwa a huhun waɗanda asma ta kashe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu asma miliyan 262 a 2019, da mutuwar 455,000, akasari a ƙasashe marasa ƙarfi. Duk wanda leɓensa ya fara canza launi, ko magana ta gagare shi don haki, a garzaya da shi Babban Asibitin Damagaram ko asibiti mafi kusa a daren, kada a jira safiya.