TSOFAFFIN GINE-GINEN GAMKALLE: A RUBUTA SU KAFIN KATAFILA TA ZO

Yau za mu yi magana a kan tsofaffin gine-gine. Za mu ɗauki misali da Gamkalle, wata tsohuwar unguwa ta birnin Yamai. Amma zancen ya shafi kowane gari da kowane ƙauye na ƙasarmu Nijar. Duk inda gari yake girma, ana rushe tsoho ana gina sabo. Yaya za a yi gari ya ci gaba, kuma abin da kakanni suka bari ya tsira?

GAMKALLE A DA, GAMKALLE A YAU

Gamkalle tana bakin kogin Isa. A da ƙauye ce mai zaman kanta, kamar Saga da Gudel. Zabarmawa ne suka kafa ta. Ta kasu biyu: Gamkalle Gole da Gamkalle Sebangay. Mutanenta sun yi noma, sun yi su. Har yanzu akwai majema a bakin kogi, suna jimar fata.

A shekarar 1926 Turawan Faransa suka ɗauke babban birni daga Damagaram, suka kawo shi Yamai. Tun daga nan Yamai take faɗi. Lokacin da ƙasa ta samu ƴancin kai a 1960, mutanen Yamai ba su wuce dubu talatin da ɗoriya ba. A ƙidayar 2012 sun haura miliyan ɗaya. Birni ya haɗiye ƙauyukan da ke kewaye da shi. Yanzu Gamkalle tana cikin gunduma ta huɗu ta Yamai, kusa da unguwar masana'antu. A 2011 aka buɗe gada ta biyu, wadda ƙasar Sin ta gina, ba nisa da unguwar.

Inda hanya ta bi, fili yakan yi tsada. Mai kuɗi yakan zo ya sayi tsohon gida, ya rushe, ya ɗora bene. Magada su raba kuɗi, kowa ya kama gabansa. Cikin kwana biyu ginin shekara ɗari ya zama ƙura.

DARASIN GAWEYE

Gaweye ita ma tsohuwar unguwa ce a bakin kogi, tana cikin unguwannin da suka kafa Yamai. Wajen shekarar 1980, lokacin da kuɗin yuraniyom ya shigo ƙasa, aka tashi mutanenta. Aka gina babban otel da babban zauren taro a wurin. Gine-ginen sun yi wa ƙasa amfani, ba mai musu. Amma yau yaro in ya ji sunan Gaweye, otel yake tunawa. Ba zai ga zauren da kakansa ya zauna ba.

Ba a ce kada a gina hanya ko asibiti ko makaranta ba. Gari yana bukatar su. Abin da ake so shi ne a zauna a zaɓi abin da za a bari tun kafin aiki ya fara.

ME DOKA TA CE?

Ƙasarmu tana da doka a kan wannan. Ita ce doka mai lamba 97-022, ta ran 30 ga watan Yuni 1997. Tana kare kayan tarihi da na al'adun ƙasa. Ma'aikatar ministan al'adu ce take kula da ita.

Aikin yana da mataki biyu. Na farko shi ne ƙidaya. Ma'aikata su zo su duba wuri, su auna, su ɗauki hoto, su rubuta tarihinsa. Na biyu shi ne shigar da wurin cikin kundin kayan tarihi na ƙasa. Wannan yana bukatar takardar hukuma mai sa hannu.

In gini ya shiga kundi, ba a rushe shi, ba a sāke masa kama, sai da izinin hukuma. Ko gyara za a yi, sai an nemi izini, don kada a ɓata shi garin gyara. In an sayar da shi, kariyar tana bin ginin. Sabon mai shi ma dole ya kiyaye.

Ku lura da kyau: tsufa kaɗai ba ya kare gini. Mai aikin hanya takarda yake dubawa. In ginin ba ya cikin takarda, a wurinsa tsohuwar katanga ce kawai.

SHIN GWAMNATI ZA TA ƘWACE GIDAN?

Wannan ita ce tambayar da take damun mutane da yawa. Amsa ita ce a'a. Shiga kundi ba ƙwace ba ne. Gida yana nan na mai shi. Yana kwana ciki, ƴaƴansa suna gadonsa.

Karɓar fili don aikin jama'a wata doka ce daban, mai lamba 61-37 ta 1961, wadda aka gyara a 2008. Ita ta ce in hukuma za ta karɓi filin mutum, sai ta biya shi diyya daidai.

Amma mu faɗi gaskiya, akwai nauyi a kan mai gidan da ya shiga kundi. Ba zai rushe ya gina shaguna ya sa haya ba. Mai saye ma zai iya rage kuɗi. Saboda haka ba kowane tsohon gida ake sawa ba. Ana zaɓen kaɗan, waɗanda suke da tarihi: tsohon masallaci, zauren mai gari, maƙabartar kakanni, tsohuwar rijiya, majema, ko babban iccen da ake taro a ƙarƙashinsa. Kuma wajibi ne a yi shawara da iyalin da suke da wurin.

ABIN DA AKA YI A AGADAS

A Agadas an bi wannan hanya. Babban masallacin garin an gina shi da laka tun shekaru ɗari biyar da suka wuce. Hasumiyarsa ta kai mita 27. Ƙasarmu ta shiga yarjejeniyar UNESCO ta kare kayan tarihin duniya a 1974. A 2013 UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin kundin duniya, da unguwanninsa 11, da masallacin, da fadar Sarkin Abzin.

Mutane suna nan zaune cikin gidajensu. Ana ciniki, ana aure, ana suna. Amma akwai ƙa'idar gini a cikin tsohon gari. Mai son sāke gininsa sai ya nemi izini. Ta haka garin ya riƙe kamanninsa, kuma magina na laka suna samun aiki.

TAKARDA BA TA TARE RUWA

Akwai wani abokin gaba bayan katafila, shi ne ruwan sama. A Damagaram, tsohuwar unguwar Birni da fadar Sarki suna cikin wuraren da ƙasarmu ta gabatar wa UNESCO tun 2006. Duk da haka, a farkon watan Satumba 2024, bayan ruwa mai yawa, tsohon masallacin Birni ya faɗi. An gina shi tun tsakiyar ƙarni na 19. A Zariya ta Najeriya ma, a watan Agusta 2023, wani sashe na masallacin da Babban Gwani ya gina ya rufta ana cikin salla, mutane suka rasu.

Mutanen Yamai sun san wannan masifa. Kogi ya yi ambaliya a 2012, ya sake yi a 2020. Gidajen laka da yawa sun zube a unguwannin bakin kogi.

Ginin laka yana son kulawa kowace shekara. A yi masa yaɓe kafin damina. A share indararo. A duba azara ko gara ta ci. A gyara magudana don kada ruwa ya kwanta a gindin bango. Kada a shafe bangon laka da siminti. Siminti yana riƙe laima a ciki, bango ya ruɓe ba a sani ba, wata rana ya faɗi.

ME ZA MU YI?

1. Mai unguwa ya tara dattawa, maza da mata, da liman, da samari. A lissafta wuraren tarihi na unguwa.

2. Waɗanda suka iya rubutu su zauna da tsofaffi. Su rubuta wa ya gina wurin, a zamanin wane sarki, da abin da ya faru a ciki. Mai wayar hannu ya ɗauki hoto.

3. A nemi yardar iyalin da suke da wurin. Kada a yi musu dole.

4. A rubuta takarda zuwa ofishin magajin gari da ofishin al'adu na jaha. A riƙe kwafi ɗaya a wurin mai unguwa.

5. In an ji za a yi sabuwar hanya ko sabon rabon fegi, a je a nemi ganin taswira tun ba a kafa turaku ba. Karkata hanya a takarda ya fi sauƙi.

6. A sa ranar gayya ta yaɓe kowace shekara, kafin ruwan farko.

Ƴan makarantar yaƙi da jahilci, ga inda karatunku zai yi amfani. Tsoho ya san labari, amma bai rubuta ba. In ya rasu, labarin ya bi shi. Ku da kuka koyi riƙe alƙalami, ku je wurinsa tun yana da rai. Hausawa sun ce: tun ran gini, ran zane.

Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa maƙwabcinsa da bai iya ba. Allah ya ba mu damina mai albarka.