Zaman Wata-Wata Ya Fi Babban Taron Otal

Kusan kowane wata ana shirya wani taro a Abuja, ko Legas, ko Kano, ko Yamai, domin matan da sana'arsu ta haɗa neman halal da magance wata matsala ta al'umma. Akwai mai sarrafa garin kunun yara daga gero da gyaɗa da waken suya domin yaƙi da tamowa, da mai ɗinka audugar mata da ake wankewa domin 'yan mata su daina fashin makaranta, da mai sayar da fitilun sola bashi a ƙauyukan da lantarki bai kai ba, da mai tattara leda da robobi tana mayar da su abin amfani. Tsarin taron kusan iri ɗaya ne ko'ina. A kama zaure a otal, manyan baƙi su yi jawabi, a ci abinci, a ɗauki hoto, a raba takardar shaida, a yi musayar lambobin waya, kowa ta kama gabanta. Masu shirya irin wannan taro suna da gaskiya a abu ɗaya: mace mai irin wannan sana'a tana buƙatar mutane kamar yadda take buƙatar jari. Inda nake ganin sun kauce shi ne hanyar da suka zaɓa. Abin da ke ɗaga sana'a shi ne ƙaramin rukuni na mutane sanannu da ke haɗuwa a kai a kai, kuma akwai hujjoji masu ƙarfi a kan haka.

Hujja ta farko daga ƙasar Sin ta fito. Masana tattalin arziki biyu, Jing Cai da Adam Szeidl, sun yi gwaji da ƙananan kamfanoni 2,820 a lardin Jiangxi, suka wallafa sakamakonsa a 2018. An yi ƙuri'a, aka raba wasu daga cikin masu kamfanonin zuwa rukunai na kimanin mutum goma-goma, aka sa su riƙa haɗuwa sau ɗaya a wata har tsawon shekara guda, sauran kuwa aka bar su yadda suke. Ba jari aka ba su ba. Zama kawai suke yi, su zaga wurin sana'ar ɗayansu, su tattauna, su ci abinci tare. Cinikin kamfanonin da ke cikin rukunai ya ƙaru da kusan kashi 8 cikin 100 idan aka kwatanta da na sauran, sun sami sababbin masu sayen kaya da masu kawo musu kaya, kuma amfanin bai gushe ba shekara guda bayan an daina zaman. Abin da ya fi jan hankalina a binciken shi ne, masanan sun kuma shirya haɗuwa ta sau ɗaya tak tsakanin mutanen da ba rukuninsu ɗaya ba, domin su gwada. Sai ya kasance an fi yarda da abokan zaman wata-wata, kuma su aka fi haɗawa da abokan ciniki. Ganin mutum sau ɗaya yana ba ka lambar wayarsa. Kafin ka miƙa masa mai sayen kayanka kuwa, sai ka ga halinsa sau da yawa.

Sauran hujjojin biyu a kan mata aka yi su, a Indiya. A birnin Kolkata, Benjamin Feigenberg da Erica Field da Rohini Pande sun bi diddigin matan da suka karɓi rancen farko daga wata cibiyar ba da ƙananan rance. Ta hanyar ƙuri'a, wasu rukunai suna haɗuwa kowane mako domin biyan bashi, wasu sau ɗaya a wata. Kowace mace bashinta a wuyanta yake, ba wadda aka ɗora wa alhakin wata. Duk da haka, matan zaman mako-mako sun fi ziyartar juna da taimakon juna a wajen taro, kuma da aka zo rance na biyu, masu gaza biya a cikinsu ba su wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na adadin da aka samu a ɗaya ɓangaren ba. Dalilin a bayyane yake: wadda yaronta ya kwanta rashin lafiya ko kayanta suka yi kwantai tana da inda za ta juya kafin ranar biya. A Ahmedabad kuma, bankin ƙungiyar SEWA, wadda Ela Bhatt ta kafa a 1972 domin mata masu sana'ar kansu, ya shirya horo na kwana biyu. An gayyaci wasu mata su kaɗai, wasu kuma aka ce su zo da ƙawa. Bayan 'yan watanni, waɗanda suka zo da ƙawa ne suka fi ɗaukar rance domin sana'a, kuma su ne sana'arsu da kuɗin shigar gidansu suka ƙaru. Amfanin ya fi fitowa a wajen matan da al'adar gidajensu ta taƙaita musu fita. Wannan batu na ƙarshe ya kamata ya tsayar da duk wanda ya san ƙasar Hausa, inda tun shekarun 1960 masaniya Polly Hill ta rubuta a kan ɗimbin cinikin da matan kulle ke yi daga cikin gidajensu a Batagarawa, yara na kai da komo tsakaninsu da masu saye.

A gaskiya ma ba sai mun je Asiya ba. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara wani shiri a yankin Maraɗi mai suna Mata Masu Dubara. An ɗora shi a kan adashin da mata suka saba, sai dai an yi masa gyara mai muhimmanci. A adashi kwasa zagayawa take yi, wadda layi ya zo kanta ta kwashe. A wannan tsari kuwa kuɗin na taruwa a akwati, mambobi na karɓar rance daga ciki gwargwadon buƙata, ana ware wani ɗan asusu na daban domin rashin lafiya ko rasuwa, a ƙarshen zango kuma a fasa a raba. Mata kimanin ashirin zuwa talatin ne ke zama kowane mako, su zaɓi shugaba da ma'aji, su kafa dokokinsu, su ci tarar mai makara. Ba a shigo musu da jari daga waje ba. Wannan tsari da aka fara a ƙauyukan Hausa shi ne ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da Asiya, yau miliyoyin mutane ke amfani da shi. Wani abin da ya biyo baya ya wuce maganar kuɗi. Rukunai sun haɗu sun zama gamayya, wasu sun buɗe bankunan hatsi, wasu daga cikin mambobinsu sun tsaya takara sun zama kansiloli a ƙananan hukumomin Nijar. Macen da ta shekara tana magana a gaban mata ashirin, tana bin lissafi, tana yanke hukunci a kan wa za a ba rance, ta riga ta koyi rabin aikin shugabanci.

Me ya sa mai sana'ar taimakon al'umma ta fi sauran 'yan kasuwa buƙatar wannan? Domin tana tafiya ne tsakanin gida biyu da kowanne ke mata kallon baƙuwa. Banki na ganin ribarta ta yi kaɗan, tunda da gangan ta sassauta farashi domin talaka ya iya saye. Ƙungiyoyin agaji kuma na ganin ai kasuwanci take yi. Tambayoyinta ma ba irin na kowa ba ne: ta yi rajista a matsayin kamfani ne ko ƙungiya, yaya za ta sami lambar NAFDAC a kan garin kununta, nawa za ta sa wa kaya ta yadda ba za ta karye ba kuma ba za ta kori matan da ta fito dominsu ba, yaya za ta karɓi bashinta a hannun wadda ta san ba ta da shi. Jawabin minti ashirin daga babban baƙo ba ya amsa waɗannan. Wadda ta taɓa bin layin ofishin, ta san takardar da ake nema da wadda ake mantawa, ita ce ke amsawa, kuma ba za ta buɗe littafin asararta ga matar da ta gani yau da safe ba.

Za a ce, to, ai ƙaramin rukuni rufaffe ne, labarin da ke yawo a cikinsa ɗaya ne kullum. Wannan suka ce mai nauyi, kuma tana da madogara. A 1973 masanin zamantakewa Mark Granovetter ya nuna cewa mutane sun fi jin labarin aiki daga waɗanda suka sani sama-sama fiye da aminansu, domin amini ya san abin da ka sani ne, na nesa kuwa yana shiga inda ba ka shiga. Saboda haka babban taro yana da gurbinsa. A can ne mai ɗinki daga Funtuwa za ta ji cewa Gidauniyar Tony Elumelu, wadda ta fara shirinta a 2015, tana ba da jarin dala 5,000 ga waɗanda aka zaɓa, ko ta haɗu da mai sayen kaya da yawa a baje kolin Kaduna. Amma labari ba ya aiki shi kaɗai. Sai an sami mai taya cike takarda, mai duba lissafi, mai tsaya wa mutum shaida. Maganin rufewar rukuni shi ne a yi masa ƙofa, kuma tarihinmu yana da samfurin haka. A ƙarni na 19 Nana Asma'u ta tsara 'Yan Taru ta yadda kowane rukunin mata na ƙauye yake da jaji, wadda ke jagorantar tafiya zuwa wurin Nana Asma'u, a karɓo karatu a komo da shi gida. Babban taro da wakilan rukunai masu rai suka halarta yana kai saƙo ga ɗaruruwan mata. Wanda aka cika da ɗaiɗaikun mutanen da suka ga sanarwa a Facebook, a ƙofar otal yake ƙarewa.

Suka ta biyu ita ce kishin sana'a: wa zai faɗa wa abokin gogayyarsa inda yake saro kaya? Binciken Jiangxi bai ɓoye wannan ba. Da masanan suka saki labarin wata damar samun kuɗi da kamfanoni za su yi takara a kanta, bai yaɗu sosai ba a rukunan da 'yan sana'a ɗaya suka yi yawa. Darasin na masu shirya rukuni ne: a haɗa mai garin kunu da mai buga leda da mai shago da mai lissafi, kada a tara masu garin kunu goma a ɗaki ɗaya a yi tsammanin za su buɗe wa juna ciki. Binciken ya kuma nuna cewa waɗanda suka dace da abokan zama masu ƙarfin sana'a sun fi amfana, wato rukunin da kowa a cikinsa sabon shiga ne zai daɗe yana lalube.

Akwai suka ta uku da ba na son a wuce ta da sauri, domin ita ce ta fi zafi. Sanin juna da ke sa a taimaki mace shi ne kuma ke iya zama sandar dukanta. Tsarin bankin Grameen na Muhammad Yunus, na rukunin mutum biyar da zaman mako-mako, ya jawo wa Yunus da bankin lambar Nobel a 2006, amma wasu kamfanonin da suka kwaikwaye shi sun mayar da zaman wurin matsa lamba. A 2010, a jihar Andhra Pradesh ta Indiya, rahotannin masu kashe kansu saboda tsananin bin bashi sun sa gwamnatin jihar ta kafa doka mai tsauri a kan kamfanonin. Idan taron na mai bin bashi ne, kunyar maƙwabta makaminsa ce. Idan na matan ne, su suka kafa doka, su ke da ikon ɗaga wa 'yar'uwarsu ƙafa. Haka nan rukunin da ke buƙatar zubi kowane mako yakan bar mafi talauci a waje, kuma sa'o'i biyu na zama sa'o'i biyu ne da aka cire daga girki da raino da ciniki. Duk wanda ya ce mata su riƙa haɗuwa, wajibi ne ya tambayi wa zai riƙe yara, wa zai biya kuɗin mota, kuma maigida ya yarda ko bai yarda ba.

Wasu za su ce WhatsApp ya ɗauke wannan nauyi duka. Ya rage shi, musamman saƙon murya da ya buɗe ƙofa ga wadda ba ta karatun boko. Sai dai zauren waya na mutum ɗari biyu da ba su taɓa ganin juna ba yakan koma allon talla da gaisuwar Juma'a, kuma a ƙasashenmu mata sun fi maza ƙarancin mallakar babbar waya da kuɗin data. Waya tana riƙe zumuncin da aka riga aka ƙulla. Ƙullawar kuwa, kamar yadda Hausawa suka ce, a ƙafa take.

Abin da ke hana masu ba da tallafi bin wannan hanya, a ganina, shi ne babban taro yana da sauƙin nunawa: ga hoto, ga jerin sunaye, ga rahoto a mako guda. Zaman mata goma sha biyu a tsakar gida ko a ajin Islamiyya bayan la'asar ba ya cika shafin rahoto, kuma sakamakonsa sai bayan shekara. Amma kuɗin zaure da abinci da masaukin baƙi na kwana ɗaya zai iya ɗaukar nauyin rukunai da dama na tsawon watanni goma sha biyu: kuɗin mota, da ɗan alawus na mai kula da yara, da mai jagora da za ta zauna da su watannin farko sannan ta janye, kamar yadda ake yi a tsarin Mata Masu Dubara. Kuma ba daga fari za a fara ba. Ƙungiyoyi irin su FOMWAN, wadda aka kafa a Minna a 1985, suna da rassa a jihohi da ƙananan hukumomi, ga makarantun matan aure, ga ƙungiyoyin adashi a kowace unguwa. Mai shirya taro na gaba zai iya fara aikinsa da zagaya waɗannan, ya ga waɗanne ne suka shekara suna zama ba fashi, ya nemi kowanne ya turo wakiliya.