Tazarar Dashe da Ƙarfin Ƙasa a Bakin Komadugu

Manoman tattasai na bakin Komadugu, tun daga Difa har Yebi da Boso inda kogin ke faɗawa Tafkin Chadi, sun daɗe suna gardama kan tazarar dashe. Wani ya ce a matse fangali ya cika, wani ya ce a ba kowane tsiro sarari ya yi rassa. Dukansu lissafin buhu suke yi, ba kasafai ake tambayar abin da tazarar ke yi wa ƙasar kanta ba.

Ɗebi ƙasa a gindin gawo ka murza. Baƙa-baƙa ce, tana dunƙulewa, da ɗan danshinta. Ɗebi ta fangalin da aka daɗe ana zuba wa yuriya kaɗai, sai ta zube ta tsakanin yatsu, ko ta yi ɓawo in ta bushe. Abin da ya raba su shi ne ruɓaɓɓen ganye da saiwa, wanda fiye da rabinsa sinadarin kabon ne da tsiro ya zuƙo daga iska. Shi ke riƙe ruwa da taki a inda saiwa za ta same su.

A jihar Parana ta Brazil, masana cibiyar binciken noma ta IAPAR sun gwada dasa kofi a tazara iri-iri, suka bayyana sakamakon a 1999. Inda aka matse itatuwan, kabon ya fi taruwa, tsamin ƙasa ya ragu. Saiwa ta yawaita, ganye na ta zuba, inuwa kuma ta sanyaya ƙasa, domin zafi ne ke sa ƙwayoyin halitta cinye ruɓin da sauri.

Sai dai kofi itace ne mai shekaru a tsaye. Tattasai kuwa dashen ƙarshen damina ne, a yi ta tsinka cikin rani, sannan a tumɓuke karan a ƙone, ko a kwashe. A ganina nan gizo ke saƙa. Ko an matse dashe, in an kwashe abin da ya bari, ƙasa ta tashi a tutar babu. Matsewar da ta wuce kima ma cuta take jawowa, tunda iska ba ta ratsawa.

Ga shi madatsun Tiga (1974) da Challawa (1992), da aka gina can sama a kan rassan kogin, sun rage ambaliyar da kan shimfiɗa laka a fadama. Dokar ta-ɓacin da aka kafa a yankin Difa a Fabrairun 2015 kuma ta taƙaita yuriya da man injin ban-ruwa, Yebi kanta an kai mata hari a Mayun 2016. Manomin da ya koma gonarsa da ƙaramin jari ba shi da takin da ya fi karan da yake ƙonewa araha. Ya binne shi, ya ƙara da kashin tumaki, ya bi da wake bayan tattasai. Ita kuwa tazarar da ta dace da ƙasar Komadugu, aikin cibiyar binciken noma ta INRAN ne ta gwada ta a fangalin manoma, ta auna buhu, ta auna ƙasa.