Wucin Gadi Marar Wa'adi: Darasin Turanci Daga Iyakar Jibiya

Da "wucin gadi" Bahaushe kan kira duk abin da ba mai ɗorewa ba. Turanci kuwa ya rarrabe shi gida-gida, kuma sanin wannan bambanci bai tsaya ga ɗaliban jami'a ba. Ya shafi manomin Gangara da direban Magamar Jibiya, domin da Turanci ake rubuta sanarwar da ke buɗe musu hanyar abinci ko ta toshe ta.

Kalmar "interim" riƙon ƙwarya ce kafin mai wuri ya iso, irin gwamnatin Ernest Shonekan da ta zo a Agustan 1993 ta tafi a Nuwamba. "Provisional" abu ne mai jiran tabbatarwa, kamar gurbin karatu kafin a tantance takardun ɗalibi. "Transitional" gada ce tsakanin zamani biyu. "Expiry" ita ce ranar ƙarewa da ke jikin kwalin magani. "Temporary" kuwa cewa take yi abu zai wuce, ba tare da ta faɗi yaushe ba.

Mutanen Jibiya sun ɗanɗani ma'anar wannan ta ƙarshe. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin tudu na Najeriya da sunan matakin ɗan lokaci. A Nuwamban shekarar aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. An buɗe Illela da Maigatari a Disamban 2020, amma Jibiya sai Afrilun 2022, wato bayan wata 32. Ba a gama farfaɗowa ba juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya sa aka sake rufewa har Maris ɗin 2024. Duk tsawon wannan lokaci fatauci da zumunci tsakanin Katsina da Maraɗi suna rataye da kalmar da ba ta da rana.

Don haka duk sanda hukuma ta ce mataki na wucin gadi ne, wajibi ne 'yan jarida da wakilanmu su tambaya: har yaushe, kuma da wane sharaɗi za a janye shi? Wa'adi ne ke ba talaka abin da zai riƙe hukuma da shi. Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya.