Kayan Awo da Gwajin Zinariya a Ƙasar Asante

Tun daga wajen ƙarni na 15 har zuwa ƙarshen ƙarni na 19, garin zinariya shi ne kuɗin kashewa a ƙasar Akan ta kudancin Gana, ciki har da Asante waɗanda fataken goro na Hausa suke kira Tonawa, don haka sanin zinariya ta gari bai tsaya ga mahaƙa da maƙera kaɗai ba. Magidanci mai abin hannu yakan mallaki futuo, wato ƙunshin kayan awo da ake naɗewa cikin ƙyalle da fata, kuma ba ya zuwa babban ciniki sai da shi.

A cikin ƙunshin akwai nsania, ɗan sikeli mai faranti biyu na tagulla da ake ratayawa da zare a babban yatsa, da ƙananan cokula, da akwatunan ajiya, sai kuma duwatsun awon da ake kira abrammuo. Waɗannan da tagulla ake zuba su: maƙeri ya siffanta abin da kakin zuma, ya lulluɓe da yumɓu, ya gasa har kakin ya tsiyaye, sannan ya ɗura narkakken ƙarfe a gurbinsa. Na farko-farko suna bin miskali, ma'aunin da 'yan kasuwar Wangarawa suka kawo daga arewa, mai nauyin giram huɗu da 'yan kai, yayin da ƙanƙanin awo ake yin sa da ƙwayar idon zakara.

Sai dai nauyi ba ya faɗin tsarki, kuma a nan ne gwanintar take. Willem Bosman, ma'aikacin kamfanin Holan da ya zauna a gaɓar tekun Gana, ya bayyana a littafinsa na 1704 yadda masu algus suke gauraya zinariya da azurfa ko jan ƙarfe. Maganin gari mai gauraye shi ne famfa, wani faranti mai kama da shebur: a zuba garin a shimfiɗe, a riƙa hurawa sannu-sannu ana karkaɗawa, yashi da gogaggiyar tagulla su tashi, zinariya ta kwanta saboda nauyinta. Curi kuwa akan datsa shi da wuƙa a duba cikinsa, ko a goga shi a baƙin dutsen gwaji, a kwatanta launin zanen da ya bari da na zinariyar da aka amince da ita. Aiki ne na ido da haƙuri, kuma abin yabo ne yadda numfashin mutum ya wadatar wajen tona asirin mai ha'inci.

Mai saye da mai sayarwa kowa da sikelinsa yake aunawa, kuma ciniki ba ya faɗawa sai awon biyu ya dace. Turawan Ingila sun haramta amfani da garin zinariya a matsayin kuɗi a yankin mulkinsu na gaɓar teku a 1889, suka haɗe Asante a 1901, kuma daga nan da yawa daga cikin duwatsun awon suka koma gidajen tarihi.